Sarauniya Mangu ta Lugu da Gardamar Masu Karatu

Da wuya a sami wanda ya yi karatun boko a Nijar bai taɓa jin sunan Sarauniya ba. Mafi yawa sun san ta ne ta hanyar ƙagaggen labarin da Abdoulaye Mamani ya wallafa da Faransanci a Paris a 1980, ko ta fim ɗin da Med Hondo ya shirya daga littafin a 1986. Wanda ya kai ƙarshen labarin kuwa ba ya rufe shi ya yi shiru, domin marubucin ya bar ƙofofi a buɗe. Sai ka iske masu karatu sun zauna suna tuhuma kamar masu bin sawun ɓarawo. Wa ya nuna wa Faransawa hanyar Lugu? Me ya halaka jagororinsu wata uku bayan sun bar garin? Ita kanta ina ta shiga? Kowa da wanda yake zargi. Amma matar da ake wannan gardama a kanta ta rayu da gaske, sunanta Mangu, kuma rayuwarta ta sha bamban da hoton budurwa mai kwari da baka da ya zauna a zukatan jama'a.

Lugu ƙauye ne a ƙasar Arewa, arewa maso gabas da Matankari, cikin gundumar Dogon Dutsi ta jihar Doso. Ƙasar tana kwance a gefen wani tsohon kwari mai faɗi wanda taswira ke kira Dallol Mawri, inda ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma tsaunukan jan dutse masu shimfiɗaɗɗen kai. Mutanenta Hausawa ne, Zabarmawa na kiran su Mawri, kuma tarihin baka ya kasa su gida biyu. Akwai Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama, akwai kuma Arawa, waɗanda ke danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari. Arawa suka riƙe sarautar doki da takobi, wadda Sarkin Arewa na Matankari ke kan gaba a cikinta. Gubawa suka riƙe abin da ya shafi ƙasa kanta: ruwan sama, shuka, farauta, da sulhu tsakanin mutane da iskoki. Wannan ɓangare na biyu yana da ginshiƙai biyu, Baura na Bagaji da Sarauniyar Lugu. Mutanen Lugu suna cewa Sarauniya ta farko, wadda suke kira Ƴar Ƙasa, daga Daura ta taso, ta yi ta tafiya har ta yada zango a inda garin yake. Masanin al'umma Marc-Henri Piault ya bayyana wannan rabon iko a littafinsa na tarihin Mawri da ya fito a 1970.

Cikin wannan zuri'a aka haifi Mangu, a ƙarni na 19. Ba neman sarauta ta yi ba, domin a Lugu ba a neman ta. Idan Sarauniya ta rasu, maza ne ke ɗaukar gawarta a ka, su zaga da ita inda matan zuri'ar suke, kuma jama'a sun yi imani cewa gawar ce ke jan masu ɗauke da ita har ta tsaya a gaban wadda za ta gaje ta. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. Wadda aka nuna ba ta da zaɓi. Za ta bar gidan aurenta da harkokin duniya, ta koma bukkar Sarauniya, ta ɗaura farin zane, ta zauna tana kaɗin auduga. Ba ta yawon kasuwa, ba ta zuwa biki, ba ta da dogarai ko barga. Mutane ne ke zuwa wurinta, manoma kafin damina, mata masu neman haihuwa, matafiya, har da jakadun sarakuna. A kusa da garin kuma akwai dutsen shari'a da ake kira Tunguma, wanda ake kai wa ƙarar da ta gagari alƙali, kamar sata ko rikicin gona, bisa imanin cewa motsinsa yana nuna mai gaskiya. Abin lura ne cewa garin da ya shahara da gano mai laifi shi ne yau ake ta tuhumar tarihinsa.

A nan ɗalibin kimiyyar harshe yana da abin cewa, domin rabin ruɗanin ya faro ne daga kalmar kanta. Sarauniya ba sunan yanka ba ne, suna ne gama-gari. Tushenta ɗaya da sarki da sarakuna da sarauta, wato sarak-. Da aka liƙa wa tushen ɗafa-ƙeyar mace -niya, sai baƙin k ya faɗo a ƙarshen gaɓa ya narke ya zama u, kamar yadda talaka ya ba da talauci. Wannan sauyi yana cikin waɗanda Bajamushe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920, har ake kiran dokar da sunansa. Karin harshen yamma, wanda Arewanci ke cikinsa, ya ƙi bin dokar a wajen baƙaƙen leɓe, shi ya sa ake jin zamna da amre inda Bakano zai ce zauna da aure, amma a wajen baƙaƙen hanɗa ya bi ta kamar kowa. Saboda haka kalmar iri ɗaya ce daga Kano har Lugu. Ma'anarta ce ke sauyawa. Tana iya nufin mace mai mulki, irin Daurama ko Amina ta Zazzau, tana kuma iya nufin shugabar wani sha'ani na mata ko na bori. A Lugu tana nufin uwar ƙasa mai tsaron alkawarin da kakanni suka ƙulla da iskokin wurin. Bahaushe yakan ce Sarki ya fito ba tare da ya ambaci sunan yanka ba, haka mutanen Arewa ke cewa Sarauniya. Baƙon da ya ji haka sai ya ɗauka sunan mutum ne, ya rubuta shi da babban baƙi, ya ninka r ɗin da Hausa ba ta ninka ba, ya zama Sarraounia. Da aka fassara matsayin da kalmar Faransanci mai nufin sarauniyar fada, sai fada da runduna da ganuwa suka biyo kalmar da kansu. Mata da yawa sun riƙe wannan matsayi kafin Mangu da bayanta, amma rubutu ya dunƙule su ya mayar da su mace guda.

Zamanin Mangu ba na kwanciyar hankali ba ne. Tun bayan jihadin 1804 ƙasar Arewa ta kasance a bakin iyakar daular Sakkwato da Gwandu, wani lokaci ta biya, wani lokaci ta ƙi. A tsakiyar ƙarnin, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a 1849, Arawa da Zabarmawa suna cikin waɗanda suka mara masa baya. Lugu ta ci gaba da addinin kakanninta, shi ya sa maƙwabta Musulmi ke kiran mutanenta azna, kalmar da take arna a Kano, anna a wajen Maraɗi. A bakin malami kalmar reni ce. A bakin mutanen Lugu kuwa ta fi kusa da ma'anar ƴan ƙasa, masu asalin wuri. Duk wanda ya karanta tarihin yankin bai rarrabe waɗannan baki biyu ba, zai yi ta tuntuɓe.

A watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta ja iyaka ta tsakiyar Dallol Mawri, sannan ta lanƙwasa ta zagaye Sakkwato da tazarar mil 100. Babu wanda ya tambayi Sarkin Arewa, balle wata tsohuwa mai kaɗi a Lugu. A shekarar ne Faransa ta tura ayarin soja ƙarƙashin kaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, da umurnin su ratsa daga Kwara zuwa tafkin Chadi, su haɗu da wasu ayari biyu masu zuwa daga Aljeriya da Kwango. Turawan cikinsu ba su cika goma ba. Sauran sojoji ne na Afirka ta Yamma, akasari masu jin Bambaranci, da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da bayi, jimilla sun haura dubu. Ayari mai wannan yawa ba ya iya rayuwa a busasshiyar hanyar da yarjejeniyar ta bar wa Faransa, sai ya bi garuruwa masu rijiya da rumbu yana ci yana ƙonewa. Tun a Sansane Hausa, a watan Janairu na 1899, suka fara kisan da ya sa labarinsu ya riga su isa ko'ina.

Da suka sauka a Matankari cikin watan Afrilu, aka ba su labarin Lugu. Laftana Paul Joalland, wanda ke cikin ayarin, ya ambaci abin da ya faru a littafinsa na 1930 a kan waƙi'ar Dankori, kuma a ƴan layuka kaɗan ya gama da Sarauniya. Ya kira ta tsohuwar matsafiya, ya ce ta aiko musu da saƙon cin mutunci tana cewa za ta tare musu hanya. Kalmar tsohuwa a nan tana da nauyi, domin ta fito daga bakin maƙiyi wanda ba shi da wata riba a ƙara mata shekaru, kuma ta yi daidai da abin da mutanen Lugu suka riƙe. Saƙon kuwa sai a yi hattara da shi. Mangu ba ta rubutu, kuma ba ta jin Faransanci. Abin da ta faɗa ya bi ta bakin manzo, ya bi ta bakin tafinta, wataƙila ya ratsa Bambaranci kafin ya isa kunnen Bature. Babban tafintan ayarin, Mamadu Kulibali, mutum ne da Voulet ke saurare ƙwarai. Wanda ya taɓa yin tafinta tsakanin mutum biyu masu fushi ya san yadda ƙin amincewa cikin ladabi ke iya isa ɗaya ɓangaren a matsayin zagi, musamman idan mai sauraren dalili kawai yake nema.

Ranar 16 ga Afrilu, 1899, aka gwabza. Maharba da mayaƙan Lugu da na ƙauyukan kewaye suka fuskanci bindigogi da kwari da baka, kibansu shafe da dafi. Da wuta ta yi yawa sai suka ja da baya zuwa cikin sarƙaƙiyar da ke gindin duwatsu, inda mata da yara suka ɓuya, kuma a can ne faɗan ya fi tsanani, domin bindiga ba ta ganin wanda take harbi. Bayanan Faransawa sun nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000, asarar da ba su saba yi wa ƙauye guda ba. Na Lugu da suka mutu ba a ƙidaya su a wannan lissafi ba. An ƙone garin. Tarihin baka na wurin bai nuna Mangu a kan doki tana jan runduna ba. Ya nuna ta a matsayin da aka san Sarauniya da shi, mai riƙe da asirin gari, wadda ta ƙi miƙa wuya, wadda kuma ba ta faɗa hannun baƙi ba. Ga mace mai shekaru, wadda al'ada ta hana ta barin bukkarta, wannan ƙin ba ƙaramin abu ba ne. Garuruwa masu ganuwa da dawakai sun buɗe ƙofa da jin sunan ayarin nan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ba masu hasashe abinci. A watan Mayu ayarin ya afka wa Birnin Ƙonni, ya yi kisan da har yau ba a manta ba. Kafin nan wasiƙar wani laftana mai suna Peteau, wanda aka kora daga ayarin, ta fallasa ta'asar a Paris, gwamnati ta tura Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb, ya kuma shelanta cewa ya yanke hulɗa da Faransa, zai kafa daular kansa. Bayan kwana biyu sojojinsa suka yi tawaye suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet, a wajen Maijirgi. Binciken da Faransa ta rufe a 1902 ya ɗora laifin a kan haukan da aka ce zafin Sudan ke jawo wa Bature, wanda hanya ce mai sauƙi ta wanke waɗanda suka tura su. A Arewa kuwa an daɗe da yanke hukunci: bakin Sarauniya ne ya kama su. Wasu masu karatu suna zargin sauran hafsoshin Turawa da zuga tawayen don su tsira da wuyansu, tunda su ne suka rubuta rahoton abin da ya faru. Akwai ma masu cewa ba a kashe su ba sam, suna kafa hujja da ruwayar da ke cewa wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa an tona kaburburan Maijirgi a 1923 aka iske su wayam. Bayanin da ya fi tsayuwa da ƙafafunsa shi ne mafi sauƙi, wato sojojin da aka gaya wa ba za su sake ganin gida ba sun juya bindiga. Sai dai wanda ya ce Lugu ce ta fara karya musu zuciya bai yi nisa da hankali ba, domin sojojin nan sun yarda da asiri kamar yadda mutanen Lugu suka yarda da shi, kuma a can suka ga kibiya ta kashe mai bindiga.

Shekara 81 bayan yaƙin littafin Mamani ya fito. An haife shi a Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya sha gudun hijira har Aljeriya, ya sha ɗauri bayan ya dawo gida, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Mutum ne da ya nemi wa ƙasarsa gwarzon da ya ce a'a ga Turawa, a lokacin da tarihin da ake koyarwa ya cika da sarakunan da suka ce to. Ya ɗauki ƴan layukan da sojojin Faransa suka bari da abin da ya ji a baki, ya gina sauran da kansa. Ya ba ta ƙuruciya da kyau, ya ba ta uban riƙo mai suna Dawa wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwa, ya ba ta masoyi da maroƙi da birni mai ganuwa, ya sa damisa ta zama alamarta. Ya kuma zana sarakunan kewaye a matsayin masu jiran Bature ya raba su da matsafiya, kuma daga nan ne zargin cin amana da masu karatu ke jifan Matankari da Sakkwato da shi ya sami ƙarfi. Hujjar marubuci ce, ba shaidar tarihi ba. Sarkin da ayari mai bindigogi ya sauka a ƙofarsa ba a tambayarsa ko yana son baƙi.

Ba laifi ba ne marubuci ya ƙaga, aikinsa ke nan, kuma ba don shi ba da sunan Mangu bai wuce Dogon Dutsi ba. Fim ɗin Med Hondo, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Wagadugu a 1987, ya kai sunan nesa. Matsalar ita ce ƙagen ya dawo gida ya zauna a kujerar tarihi. Masu nazari irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Yamai da Elara Bertho sun nuna yadda hoton littafin ya rufe na Lugu, da yadda aka ɗaukaka jarumar takarda aka manta da matsayin da matan garin ke riƙe da shi. Akwai abin takaici a cikin wannan. Don a yarda mace ta yi girma, sai da aka cire mata mazari aka ba ta takobi, wato aka auna ta da ma'aunin sarautar Arawa, alhali ikonta na Gubawa ne.

Saura tambayar ƙarshe, wadda masu karatu suka fi so: ina ta shiga? Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce bayan yaƙin ta kulle kanta a ɗaki, ta rikiɗa ta zama damisa, ta faɗa daji, ba a sake ganin ta ba. Labari ne mai daɗi, kuma ya dace da mutanen da ba sa son a ce uwarsu ta mutu kamar kowa. Amma al'adar garin da kanta ta ba da wata amsa. Sarautar ba ta yanke a kan Mangu ba. Littafin da Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo suka fitar a 2007 a kan Lugu da Sarauniyarta, wanda aka gina a kan bakin mutanen garin, ya nuna jerin matan da suka biyo bayanta. A Lugu kuwa ba a naɗa sabuwar Sarauniya sai gawar tsohuwa ta nuna ta. In har an yi magajiya bisa al'ada, to an yi tarkama, in kuwa an yi tarkama, to akwai gawar da aka ɗauka a ka. Damisa ba ta barin gawar mace. Abin da ya fi dacewa da shaidar shi ne Mangu ta dawo tare da waɗanda suka dawo, ta zauna a garin da aka sake ginawa a kan toka, ta rasu a farkon ƙarni na 20, lokacin da sababbin yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ke tura iyaka kudu suna tabbatar da Arewa a hannun Faransa.

Lugu ba ta koma yadda take ba. Da yawa daga waɗanda suka watse a 1899 sun kafa zama a wasu wurare, mulkin mallaka ya mai da cibiyarsa Dogon Dutsi, Musulunci ya game ƙasar, masu zuwa gaishe da Sarauniya suka ragu. Sunan dai ya yi gaba abinsa. Akwai gidan rediyo da talabijin mai suna Saraounia a Yamai, kuma a ƴan shekarun nan hukumomin Nijar sun ƙirƙiro lambar girmamawa mai ɗauke da cikakken sunan Sarauniya Mangu, wannan karon har da sunan yankan da littafin Mamani bai sa a bangonsa ba. A Lugu kuwa, idan mutanen garin suka ce Sarauniya ba tare da ƙarin suna ba, wadda ke zaune a bukkar a lokacin suke nufi.